Taskar Zanen Duwatsun Afirka: Aikin da Ya Ci a Jinjina Masa

A arewa da Agadas, daf da hanyar da ta nufi Arlit, akwai wani dutse da ake kira Dabus. A samansa an sassaƙa raƙuman dawa biyu, namiji da mace. Namijin ya haura mita 5 daga ƙaho zuwa kofato, wato girmansa a dutse daidai yake da girmansa a daji. Gwanin da ya yi aikin bai tsallake tabo ko ɗaya na fatar dabbar ba. Kowanne ya kewaye shi, ya rarake gefensa, ya goge, har dabbare-dabbaren suka tashi sama suna kama haske. Masana na ƙiyasta cewa aikin ya kai shekara 6,000 zuwa 8,000, zamanin da ba a san ƙarfe a yankin ba, dutse ne ake sa wa dutse. Daga bakin kowane raƙumi wani siririn layi ya gangaro har ya iske wani ɗan ƙaramin mutum a ƙasa. Ko igiya ce ta farauta, ko alamar wata alaƙa ce tsakanin mutum da dabba da ta shafi addininsu, har yau masana na muhawara.

Wannan abin mamaki yanzu yana cikin tafin hannun duk mai waya da ɗan data. Yana cikin taskar hotunan zanen duwatsun Afirka da Gidan Tarihi na Birtaniya ya buɗe a intanet tare da ƙungiyar TARA mai mazauni a Nairobi, kuma kyauta ne. Ni dai zan faɗi ra'ayina tun daga farko, ba ɓoye-ɓoye: ban ga wani aikin adana tarihin nahiyar nan da ya burge ni kamar wannan ba. Kana buɗe shi dare ya raba ba ka sani ba. Ka ce bari ka duba hoto ɗaya ka kwanta, sai ka tsinci kanka a Chadi, daga can ka faɗa Libiya, kafin ka ankara kana Namibiya kana kallon maharba da bakansu.

Tushen taskar hotunan David Coulson ne, mai ɗaukar hoto da ya kafa TARA a 1996, da abokin tafiyarsa Alec Campbell, wanda shi ne shugaban farko na gidan tarihin ƙasar Botswana. Shekara da shekaru suna ratsa hamada da tsaunuka, suna kwana a fili, suna jiran rana ta karkata daidai yadda sassaƙa za ta fito. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗaukar hoton rubutu a jikin dutse da tsakar rana ya san abin da nake nufi: babu abin da zai fito sai farin fili. Sai da hantsi ko la'asar sakaliya, haske ya zo ta gefe, inuwa ta kwanta cikin ramukan, sannan giwa ta bayyana a inda ɗazu ba ka ga komai ba. A 2013 Gidan Tarihi na Birtaniya, da tallafin gidauniyar Arcadia, ya karɓi kusan hotuna 25,000 daga wannan tarin, na ƙasashe kusan 20, ya sa ma'aikata suka bi su ɗaya bayan ɗaya, tun daga arewacin nahiyar suna gangarawa kudu.

Wannan bin ɗaya-ɗaya shi ne ya fi ɗaukar hankalina, ko da yake shi ne ɓangaren da ba ya ƙyalli. Hoto ba tare da bayani ba ado ne kawai. A nan kowane hoto an rubuta masa ƙasarsa da yankinsa, an faɗi ko fenti ne ko sassaƙa, an bayyana abin da ke ciki da wanda ya ɗauka. Saboda haka ɗalibi a Zariya ko Yamai zai iya neman saniya, shanun Aljeriya da na Nijar da na Somaliya su jeru masa a fuskar kwamfuta ɗaya, ya gwada ƙaho da ƙaho, hantsa da hantsa. A da kafin mutum ya yi irin wannan kwatance sai ya mallaki kuɗin jirgi da biza da izinin shiga ɗakunan ajiya na Turai, kuma sau da yawa ƙarshenta rabin abin kawai zai gani.

Don a san darajar abin da aka samu, sai an waiwayi yadda ake kwafar zanen dutse a da. A 1850 Heinrich Barth, Baturen Jamus da aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, yana kan hanyarsa ta zuwa Agadas da Kano ya ci karo da sassaƙe-sassaƙe a wani kwari na Mesak a kudancin Libiya. Ya zana su da hannu a littafinsa, ya kuma lura da wani abu mai kaifi: ga shanu birjik, amma babu raƙumi ko ɗaya, alamar cewa an yi zamanin da saniya ce dabbar wannan ƙasa kafin raƙumi ya zo. Madalla da idon Barth. Sai dai zanen hannu yana ɗauke da son ran mai zane, abin da ya gane shi yake fitarwa, abin da bai gane ba ya gyara shi. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, a 1956 da 1957, Henri Lhote na Faransa ya kai tawagar masu zane tsaunukan Tasili a Aljeriya, suka kwafo ɗaruruwan hotuna da suka girgiza birnin Paris. Amma don launi ya fito, sukan jiƙa bangon kogo da soso da ruwa. Fentin da ya jure dubban shekaru a bushe ya sha wanka, kuma masana sun tabbatar an yi ɓarna. Wasu masu bincike a wurare dabam-dabam sukan bi layin sassaƙa da alli don ya fito a hoto. Duk da kyakkyawar niyya aka yi, amma dutsen ne ya biya.

Akwai kuma wani bashi da ba a cika ambata ba. Wanda ya san hanyoyin Tasili, wanda ya kai Lhote kogo bayan kogo, Buzu ne mai suna Jibrin, amma sunan Baturen ne ya zagaya duniya. Abin da ya sa nake ƙaunar salon aikin yanzu shi ne ya fara amsa cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Dabus ma haka abin yake: Christian Dupuy ya fara rubuta labarin wurin ga masana a 1987, Coulson ya ɗauki hotunansa a 1997, Jean Clottes da tawagarsa suka ƙidaya zane sama da 800 a kan dutsen da kewayensa, gidauniyar Bradshaw ta ɗauki nauyi, amma Azbinawan yankin ne suke zaune suna gadinsa, har aka haƙa musu rijiya a kusa don zaman ya yiwu. In ba su, da wuya a ce dutsen ya kai yau lafiya.

A 1999 an shafa wa raƙuman dawan Dabus wata irin roba aka ɗauki siffarsu, aka zuba ta da alminiyam, kuma ɗaya daga cikin kwafin yana tsaye a filin jirgin saman Agadas. An yi aikin da matuƙar taka-tsantsan, amma dai an taɓa dutsen. Yau ba a ma buƙatar haka, kuma nan ne zancen ya fi yi mini daɗi. Mai aiki zai ɗauki kyamara ya zagaya dutsen kamar yadda mai sayen sa yake zagaya shi a kara, ta gaba, ta baya, ta gefe, ya durƙusa ya miƙe, yana ɗaukar hotuna ɗaruruwa, kowanne yana hawa kan rabin na bayansa. Idan wurin na da tsawo sai a tashi ɗan jirgi marar matuƙi ya ɗauko ta sama. Manhajar kwamfuta sai ta nemo ɗigon da ya maimaitu a hotuna da yawa, ta lissafa inda kyamara take a kowane ɗauka, daga nan ta gina siffar dutsen da tsawonsa da faɗinsa da zurfin kowane rami. Sai ka juya dutsen da yatsa. Ka cire masa launi ya zama toka-toka don tsagar kawai ta fito. Ka kawo masa hasken ƙarya ta kowace kusurwa, wato la'asar ɗin da Coulson yake kwana yana jira ta zama abin da ake kira da danna maɓalli. A haka ake gane wane layi ne ya hau kan wane, ma'ana wane zane ne ya riga wani, kuma ba a ɗora ko ɗan yatsa a jikin dutsen ba. Tubarkalla!

Fentin da ya koɗe kuma yana da nasa magani. A 2005 wani Ba'amurke mai sha'awar zanen dutse, Jon Harman, ya fitar da manhajar DStretch. Dabarar da ke cikinta daga hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta samo asali, inda ake amfani da ita wajen tace hotunan tauraron ɗan'adam. Abin da take yi shi ne ta kama ɗan bambancin launi da ido ba ya iya rabewa, ta buɗa shi sosai. Bango ne ja-ja, ba ka ganin komai sai dattin shekaru. A sa hoton a manhajar, sai ga garken shanu da makiyayi da karensa sun fito ɓaro-ɓaro cikin launuka masu ƙarfi. Launukan ba na gaskiya ba ne, kuma masu aikin kirki sukan ajiye hoton asali kusa da wanda aka tace don kowa ya yi hukunci da idonsa. Abin da soson Lhote yake nema ke nan, ga shi an samu ba tare da ɗigon ruwa ba. Kuma akwai samfurinta na waya, wanda malamin makarantar ƙauye ma zai iya riƙewa.

Idan ka jera hotunan Sahara na wannan taska, labarin ƙasa da ruwa ne yake karanta kansa. Mafi tsufa cike suke da giwa da karkanda da dorina da kada da ɓauna mai manyan ƙahoni, a wuraren da yau ko ɗan tsako ba zai sami ruwan sha ba. Tsakanin kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce Sahara kore ce shar, da tafkuna da koguna, Tafkin Chadi kuwa ya ninka girmansa na yau sau da yawa. A Gobero, cikin Tenere ta Nijar, tawagar Paul Sereno ta iske maƙabarta a bakin tsohon tafki, da ƙasusuwan manyan kifaye da masun kamun kifi na ƙashi. Daga nan sai zamanin makiyaya, shanu kala-kala da mata a bakin bukkoki. Sai doki da keken doki wajen shekara 3,000 baya, sai mayaƙan Azbin masu mashi da manyan kawuna riƙe da linzami. Daga ƙarshe raƙumi ya shigo wajen shekara 2,000 da suka wuce, tare da rubutun Tifinag da Buzaye ke amfani da shi har gobe. Ƙasa na bushewa, dabbobin bango na canzawa. A kusa da garin Janet na Aljeriya akwai wasu shanu da aka sassaƙa sun sunkuyar da kai kamar za su sha ruwa, da ɗigon hawaye a ƙarƙashin ido. Duk sanda na kalle su sai jikina ya yi sanyi, domin duk wanda ya ga fari a Sahel ya san wannan sunkuyon.

Raƙumin dawan da aka sassaƙa a Dabus ma bai ƙare ba. Danginsa na Afirka ta Yamma sun rage a Nijar kaɗai, akasarinsu a yankin Kure kusa da Yamai. A 1996 saura 49 suka rage a duniya, yanzu kuwa sun haura 600.

Kada mai karatu ya ɗauka sai an tsallaka hamada. Taskar na da sashen Nijeriya, kuma a nan ne zuciyata ta fi bugawa. A Birnin Kudu ta Jihar Jigawa akwai Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, inda aka zana shanu da jar ƙasa a ƙarƙashin inuwar manyan duwatsu. Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950. Ka dubi shanun da kyau: ba su da tozo. Wasu dogayen ƙahoni gare su, wasu gajeru, amma bayansu a miƙe yake, ba kamar Bunaji da Rahaji da Bokoloji da muka saba gani a rugage ba. Wato masu zanen sun san wasu shanu ne dabam, irin waɗanda suka riga masu tozo zuwa wannan yanki, dangin Kuri na bakin Tafkin Chadi da Muturu na kudu. Tarihin kiwo ne a rubuce a bayan gari, mutane na wucewa ta gefensa zuwa gona. Kusa da zanen kuma akwai duwatsu masu amo, waɗanda in an buga su da ƙaramin dutse suke ƙara kamar ƙarfe, kuma bugun shekaru ya bar musu ramuka sumul. Fagg ya rubuta cewa a zamaninsa amare kan je wurin a ranakun biki. Akwai irin wannan zane a Geji da Shira a Jihar Bauchi. TARA ta yi aiki a kan zanen duwatsun Nijeriya tare da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa da Jami'ar Ahmadu Bello, kuma irin haɗin da nake fatan ya yawaita ke nan, domin ɗalibanmu su zama masu riƙe kyamarar da masu rubuta bayanin.

Ga wanda zai ce ai hoto ba dutse ba ne, gaskiyarsa. Babu fuskar waya da za ta ba ka iskar wurin, ko amon dutsen Birnin Kudu a kunnenka. Amma a tuna abin da ya faru a 2009 a tsaunukan Akakus na Libiya, wurin da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya tun 1985: wani mutum ya bi zane-zane masu dubban shekaru ya fesa musu fentin gwangwani. A wasu ƙasashen masu fasa dutse don gini sun cinye wurare ɗungurungum, a wasu ɓarayi sun ɓalle sassaƙa da guduma sun kai kasuwar Turai, a wasu kuma matasa ne ke rubuta sunayensu a kan aikin kakanni ba da mugun nufi ba. Ga rana da iska da suke ɓare fuskar dutse a hankali. A irin waɗannan wurare, hoton da aka ɗauka kafin ɓarna shi ne shaida ɗaya tilo da ta rage, kuma da shi ake auna yadda lalacewa ke tafiya daga shekara zuwa shekara.

Wani lokaci ma shaidar takan kamo abin da ya ɓace. Gidauniyar Factum ta birnin Madrid, wadda ta bi TARA zuwa tsaunukan Enedi na Chadi ta ɗauki siffar manyan mata masu ado a duk jiki da aka sassaƙa a dutsen Niola Doa, ita ce kuma ta yi aiki da Jami'ar Kalaba a kan sassaƙaƙƙun duwatsun Bakor na Jihar Kuros Riba. Philip Allison, wani ma'aikacin gandun daji, ya ɗauki hotunan kusan 300 daga cikinsu a farkon shekarun 1960, kafin a sace da yawa. Da aka gwada tsofaffin hotunansa da sababbin siffofin kwamfuta, sai aka gane cewa wani rabin dutse da ke gidan tarihi na Metropolitan a New York kan wani ne da gindinsa ke nan kafe a ƙauyen Ntitogo. Aka ɗauki siffar kowane rabi a inda yake, aka haɗa su a kwamfuta, suka zauna daram. A 2023 an baje kolin labarin waɗannan duwatsu a Landan. Ka duba hannaye nawa ne a ciki: ma'aikacin gandun daji na zamanin da, mutanen ƙauyen da suka riƙe gindin, malaman jami'a, masu na'ura daga Sifen. Kowa da guntun da ya kawo, kuma ba wanda zai iya shi kaɗai.

Sashen kudancin Afirka kuwa duniya ce ta kanta. Fentin mutanen San a tsaunukan Drakensberg ya kai maƙura wajen laushin hannu, launi na narkewa cikin launi a jikin iland, wani babban naman daji dangin gwanki. A kogon Game Pass akwai iland da ke gab da mutuwa, ƙafafu a harɗe, gashi a tsaye, ga wani mai siffar rabi mutum rabi dabba riƙe da wutsiyarsa shi ma ƙafafu a harɗe. Wannan zane ne ya taimaki David Lewis-Williams ya danganta fentin San da rawar warkarwa da bokayensu ke yi har su fita hayyacinsu. Ma'aikatan taskar sun haɗa kai da wata ƙungiyar Afirka ta Kudu suka ɗauki siffar kogon baki ɗaya, ta yadda mutum zai hau hanyar dutsen ya shiga ciki yana zaune a ɗakinsa. A Namibiya kuma akwai ƙananan allunan dutse na kogon Apollo 11, masu zanen dabbobi da suka kai kimanin shekara 30,000. Duk wanda aka taɓa gaya wa cewa tarihin Afirka ya fara ne da zuwan baƙi, ya je ya kalli waɗannan.

Buri ɗaya nake da shi, kuma na masoyi ne. Bayanan taskar da Turanci suke. Makiyayin Azbin da ke gadin Dabus da manomin da gonarsa ke gindin Dutsen Mesa su ne suka fi kowa haƙƙin karanta abin da aka rubuta a kan duwatsunsu, da Hausa da Tamashek da Fulatanci da Larabci. Aikin fassara ne da sassan harsuna na jami'o'inmu za su iya ɗauka gobe, kuma in an yi shi, su ma mutanen wurin za su dawo da nasu sanin: sunan kowane dutse, abin da tsofaffi ke faɗi a kansa, da wasu kogunan da ba a taɓa kai baƙo ba.

Ƙofar shiga aikin kuwa a buɗe take ga mai waya. Wanda ya san wani dutse mai zane a yankinsu, kada ya jiƙa shi, kada ya bi shi da alli ko gawayi, kada ya kankare kome. Ya je da safe ko da yamma, ya ɗauki wurin daga nesa don a ga yanayinsa, sannan ya matso ya ɗauki zanen ta kusurwoyi da yawa, ya riƙe ma'auni ko biro kusa da shi ba tare da ya jingina ba don a san girmansa. Ya rubuta rana da sunan wurin kamar yadda mutanen gari ke kiransa, da sunan wanda ya kai shi in ya yarda. Kada ya watsa takamaiman wurin a Facebook inda ɓarayin kayan tarihi ma suke kallo. Ya sanar da mai gari, sannan ya kai hotunan gidan tarihi mafi kusa ko sashen nazarin kayan tarihi na jami'a.